Usɗa da Ƙaramin Jirginsa: Nazarin Rumfar Wani Tsohon Ma'aikacin Reluwe a Kasala

A Kasala, can gabashin Sudan, an yi wani dattijo Bahaushe da ya bar aikin reluwe, ya dawo gida, ya ƙarar da sauran kwanakinsa yana ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da wutar batir a kan tebur. Allah Ya yi masa rasuwa 'yan watanni kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Duk unguwa Usɗa ake ce masa, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a ƙasar nan, ni ma haka zan kira shi. Ni malamin lissafi ne, kuma ta wajen ɗalibaina na san shi. Na bi diddigin lamarinsa ne don ganin yadda sha'awar da ba ta da kanti, ba ta da ƙungiya a garinmu, ta samu gindin zama a rumfar mutum ɗaya, da kuma halin da ta shiga bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Daga ina ya fito

Mahaifinsa na cikin Hausawan da suka baro ƙasar Kano da niyyar sauke farali ta ƙasa, suka yi zango a Sudan don neman guzuri, zangon ya rikiɗe ya zama zama. Irin wannan tafiya ce ta cika unguwannin Hausawa a Wad Madani da Gadarif da Kasala, ban da manyan ayarin da suka biyo Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Mahajjatan nan sun daɗe da sanin jirgin ƙasa. Tun da layi ya kai Al-Ubayyid wajen 1912, sannan Nyala a 1959, mai ɗan abin hannu yakan huta da tafiyar ƙafa, ya hau jirgi zuwa bakin Bahar Maliya.

Usɗa ya shiga aiki yana saurayi a babbar warshar Atbara, wato ma'aikatar gyaran jirage, hedkwatar reluwen Sudan, garin da ake wa kirari da garin ƙarfe da wuta. Layin da ya kafa garin na soja ne, kwamandan sojan Ingila Kitchener ya shimfiɗo shi daga Wadi Halfa ta cikin hamada, ya iso Atbara a 1898. A can Usɗa ya koyi sassaƙar ƙarfe a kan makhraɗa, wato injin da ke juya ƙarfe ana fere shi, ya yi aiki a jikin kawunan jirgi masu tururi irin waɗanda aka ƙero daga Gilasgo a shekarun 1950, ya kuma riski zuwan masu dizal. Yakan ba da labarin lokacin fari na tsakiyar shekarun 1980, da aka tayar da tsofaffin masu tururi don jan abinci zuwa yamma, kuma da jin muryarsa ka san nan ne aikin da ya fi alfahari da shi.

Da ya dawo Kasala, sai ya tarar da layin garinsu na mutuwa. An kawo shi ne daga Haiya a 1924 saboda audugar kwarin Gash, kogin da ke ratsa Kasala, aka zarce da shi Gadarif da Sinnar kafin ƙarshen shekarun 1920. Amma tun da aka gama kwaltar da ta haɗa Khartum da Bortsudan ta Madani da Gadarif da Kasala a 1980, manyan motoci suka kwashe kaya, jirgi ya yi ta ja baya har ya zama sai labari. Yara suka tashi suna tsallaka dogo kullum a hanyar makaranta, ba su taɓa ganin abin da ke bin sa ba.

Akwatin da ya zo daga Jidda

Wani ɗan ƙaninsa mai aiki a Jidda ne ya zo masa da tsaraba: akwatin jirgin wasa na kamfanin Lima na Italiya, da kan jirgi, da taragu, da dogo mai zagaye. An kawo ne don jikoki. Usɗa ya haɗa, jirgi ya zagaya, yara suka yi ta sowa, shi kuwa ya ɗauko ma'aunin kauri ya auna tsakanin dogayen biyu. Milimita 16.5.

Daga wannan awo komai ya taso, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Masu wannan sha'awa a duniya suna da ma'aunai sanannu. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage komai sau 87. Dogon Turai faɗinsa milimita 1435 ne, in ka raba da 87 ka samu 16.5, lissafi ya fita daidai. To, dogon Sudan ba haka yake ba. Faɗinsa milimita 1067 ne, daidai da tsohon layin Najeriya da ya isa Kano a 1911. In ka rage shi sau 87, abin da za ka samu bai wuce milimita 12 da ɗoriya ba. Ma'ana, in Usɗa ya ƙera jirgin Sudan a ma'aunin HO ya ɗora a kan dogon da ke hannunsa, ƙafafun za su buɗe fiye da kima, jirgin ya fita daga kamanninsa. Wanda bai yi aiki a ƙarƙashin tarago ba ba zai lura ba. Shi ya lura.

Dogo mai milimita 12 akwai shi a Turai, amma ba a Kasala ba, ba ma a Khartum ba. Sai ya juya lissafin: maimakon ya nemi dogon da zai dace da jirgi, ya nemi girman jirgin da zai dace da dogon da ya samu. Ya yi ta rabawa har ya tsaya a 64, domin 1067 in an raba da 64 yana ba da 16.7, bambancin da ido ba ya kamawa. Daga baya ne wani yaro ya nuna masa a waya cewa masu ƙera ƙananan jirage a Niyu Zilan, inda dogonsu yake da faɗin na Sudan, wannan dabarar suke bi tun da daɗewa. Ya yi murna ƙwarai, ya sa aka yi ta nuna masa hotunan aikinsu.

Wannan shawara ta jawo masa aiki mai yawa. Babu abin da zai saya ya ɗora, komai sai ya ƙera da hannu: gangar jiki daga gwangwanin man girki da na madara, a buɗe, a daddale, a yanka, a like da dalma, ƙafafu daga guntayen tagulla a kan ƙaramar makhraɗar da ya saya da kuɗin sallamarsa, injin juyawa daga matattun rediyoyi masu kaset. Kowace ƙafa biyu sai ya raba ɗaya da sandarta da ɗan bututun roba, domin wuta na tafiya ne ta dogo ɗaya ta dawo ta ɗayan, in ƙarfe ya haɗa su kai tsaye sai komai ya tsaya cak. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa kuwa, kimanin milimita 14 da rabi, ya yanka mata ma'auni na musamman daga guntun ƙarfe, ya rataye shi da zare a jikin ginshiƙin rumfa. Duk taragon da ya faɗi a kan mahaɗar dogo, wannan ƙarfen ake fara ɗaukowa kafin a zargi komai.

Abin da ya gina ƙaramar tasha ce irin ta cikin daji: layi ɗaya da wurin kaucewa, tankin ruwa a kan ƙafafu, sanafor mai hannu, wato sandar da ke ba direba alamar tsayawa ko wucewa, da jerin ɗakunan ma'aikata masu tsinin kai waɗanda duk wanda ya taɓa bin jirgi a Sudan ya san su. Taragun fasinja farare, da 'yan rumfunan kare rana a kan tagogi. A bayansu ya tayar da duwatsun Taka na gefen Kasala da takardar buhun siminti da gam. Tsakuwar dogo yashin Gash ne da aka ɗebo lokacin rani, aka tankaɗe da rariya sau biyu, aka zuba, aka ɗiga masa farin gam da aka tsinka da ruwa da ɗigon sabulu don ya ratsa.

Mutane ne kawai babu a tashar. Tun farko wani maƙwabci ya ɗaga maganar mutum-mutumi, Usɗa bai tsaya jayayya ba, ya bar su. Ya cika dandamali da dilolin auduga, da buhunan dawa, da tulun ruwa a inuwa, da angarib, gadon igiya irin na Sudan, a ƙofar ɗakin mai tasha. A ganina wannan hikima ce, don da ya dage, da wasu iyayen sun hana 'ya'yansu zuwa, kuma yaran su ne abin da ya fi damunsa.

Ƙura, zafi da gara

Littattafan Turawa kan wannan sha'awa an rubuta su ne don ɗaki mai rufi da taga. Rumfar Usɗa ta tabarma ce da kwano. In habub, wato guguwar ƙura, ya taso, ƙura takan kwanta a kan dogo ta hana wuta kaiwa ga ƙafafu, jirgi ya riƙa tafiya yana tsinkewa. Maganinsa tsohon zanin gado da ake lulluɓe tebur da shi, da doka ɗaya: ba a kunna wuta sai an bi dogo kaf da tsumma. Ya hana goge shi da takardar yashi, don tana barin ƙananan zane da datti ke maƙalewa a ciki. Zafin rana kuma na miƙar da ƙarfe, sai ya bar 'yar tazara a kowace gaɓa, kamar yadda ake yi a babban layi. Ƙafafun teburin ya tsoma su cikin gwangwanaye masu baƙin mai saboda gara. Wutar gari ba ta da tabbas, ya koma batirin mota mai bolt 12, ya naɗa wayar tsohon hita ya yi abin rage gudu.

Yadda yake tafiyar da yara

Nan ne ainihin abin da ya sa nake wannan rubutu. Masu irin wannan kaya galibi sukan killace shi, a kalla daga nesa, kada a taɓa. Usɗa bai yi haka ba. Bayan la'asar ƙofarsa a buɗe take, ga jabana, tukunyar kofi, a kan gawayi don manya, ga yara sun yi dafifi. Yaran Hausawa ne suka fi yawa, amma har da na Hadandawa da Bani Amir da sauran maƙwabta, Hausa da Larabci na cakuɗe a rumfar.

Rikicin farko shi ne wa zai tuƙa. Sai ya kawo tsarin da ya sani daga aiki. A layi ɗaya, direba ba ya shiga tsakanin tasha da tasha sai mai tasha ya miƙa masa tabilet, wani faifan ƙarfe da ke nuna hanyar tasa ce shi kaɗai. Usɗa ya sassaƙa nasa na tagulla. Wanda ke riƙe da shi ne kaɗai zai taɓa abin tuƙi, kuma ba ya samun sa sai daga hannun yaron da aka naɗa mai tasha a ranar. Wani ya zama mai juya mahaɗa, wani mai sanafor, wani kumsari mai yanka tikiti daga kwalin shayi. Kokawa ta ƙare. Na ga ƙaton yaro mai ƙarfi ya tsaya yana jiran ƙaramin da bai kai kafaɗarsa ba ya miƙa masa faifan, bai ce uffan ba.

Ba ya yarda a yi gudu. Yaro na son ya murɗa har ƙarshe, shi kuwa sai ya sa shi lissafi: jirgin kaya mai tafiyar kilomita 40 a awa, in an rage sau 64, santimita nawa zai ci a daƙiƙa? Amsar wajen 17 ce. A auna da alli a gefen tebur, a ƙirga da baki. Ta nan ne labarinsa ya iso ajina. Wani ɗalibi da na san rabawa na ba shi wuya ya ɗaga hannu ya ce tarago mai mita 16 zai zama santimita 25, mutum mai matsakaicin tsawo kuma bai kai santimita uku ba. Na tambaye shi inda ya samo, ya ce wajen Baba Usɗa.

Akwai yarinya guda da ya kamata a ambata. Ƙanenta take rakowa, ta tsaya a bakin ƙofa. Rannan Usɗa na fama da like wata 'yar ƙaramar matakala, hannunsa na rawa, ya ɗago ya ce mata, "'Yata, zo riƙe mini nan." Ta riƙe, ta ga yadda yake goge bakin ƙarfen like, ya ɗumama gwangwanin kansa kafin ya kawo dalma, ba ya narka dalmar a kan ƙarfen ya ɗiga. Washegari ta ce, "Baba, in gwada?" Ya miƙa mata. Kafin shekara ta zagayo, duk likin da ke bukatar natsuwa ita ake ba. Da mahaifiyarta ta nuna damuwa, matar Usɗa ce ta je har gida ta ce yarinyar na gabanta, ba inda za ta. Yau tana gyaran wayoyin hannu na matan unguwa a cikin gidansu, da shi take taimakon iyayenta.

Ba yara kaɗai ba. Magagarinsa da filayarsa da ma'auninsa kullum suna yawo a unguwa. Mai gyaran keke, mai injin markaɗe, mai famfon gonar ayaba a bakin Gash, duk wanda wani ɗan ƙarfe ya karye masa aka rasa a kasuwa, wurinsa yake zuwa ya sassaƙa masa, sau da yawa ba ya karɓar ko sisi. Waɗanda da farko suke cewa dattijo da furfura ya zauna wasan yara, su ne daga baya suke turo 'ya'yansu.

Bayan rasuwarsa

Da aka share makoki aka zo rabon gado, sai tebur ya zama abin magana. Dukiya ce ta mamaci, dole ta shiga lissafi, amma ba wanda ya san kuɗinta. Mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ya ɗaga kawunan jirgin a hannu, ya yi tayin nauyin tagulla da waya. Babbar 'yarsa ta ce ba ta yarda ba. Ƙaninta, wanda ke da iyali da bashi a kansa, ya ce, "Yaya, ni ba jirgin nake so ba, makhraɗar nake so, da ita zan ci abinci." Ba wanda zai ga laifinsa. Malamin da ya yi rabon ya sa aka yi wa makhraɗa da manyan kayan aiki kuɗi, suka faɗa kason ɗan, magada kuma suka amince a bar tebur da jiragen sadaka ga mahaifinsu, su ci gaba da zama a rumfar ƙarƙashin kulawar 'yar.

Sulhu ne mai kyau, sai dai ya raba jirgin da abin da ke haifar masa ƙafafu. Makhraɗa ta koma kasuwa, kuma ko da ɗan bai taɓa hana kowa ba, babu yaron da ya iya sassaƙa ƙafa. Usɗa ya koya musu yanka da like da fenti da awo, amma injin yana jin tsoron ya cinye wa ɗan wani yatsa, kullum cewa yake sai sun ƙara girma.

Gibi na biyu ya fi wannan. Ba a jima ba wani sashe na layin ya mutu. Aka leƙa ƙarƙashin tebur, aka tarar da wayoyi birjik, kusan duk kala ɗaya, don abin da ya samu ke nan, babu alama, babu zane. Littafinsa cike yake da awon taragu, amma ko shafi ɗaya babu na wuta. A kansa take. Ina ganin nan ne kaɗai Usɗa ya gaza, kuma gazawa ce da ta zama ruwan dare ga gwanayenmu na hannu: suna koyarwa da nuni, abin da ba a tambaye su ba yakan bi su kabari. Yarinyar nan da wasu samari biyu suka yi makonni suna bin waya ɗaya-ɗaya da ƙwan tocila da batir, suna ɗaura wa kowace ƙyalle mai lamba, ni kuma ina zanawa a takarda. Ashe wata gaɓa ce ta tsinke a bayan tankin ruwa.

Sai yaƙi ya zo. Kasala ba ta zama fagen daga ba, amma ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum, sannan daga Madani bayan faɗuwarta a watan Disambar 2023. Makarantu suka zama masauki, kowane gida ya karɓi dangi. Gidan Usɗa ya sauki iyalai daga Jazira, jihar da Madani take, rumfar ta zama wurin kwana. A nan wata tsohuwar dabararsa ta yi rana. Saboda ya saba da rayuwar ma'aikacin da ake ɗagawa daga tasha zuwa tasha, bai gina teburin a dunƙule ba, gunduwa-gunduwa ya yi shi, ana haɗawa da kusoshi masu noti. Aka kwance, aka jingina sassan a bango, aka naɗe jiragen cikin tsofaffin zannuwa a akwatin ƙarfe. Sashen duwatsu bai tsira ba, ruwan damina ya shiga ta rufin ɗakin ajiya ya narkar da takardar.

Cikin baƙin akwai yara da yawa, ba makaranta, ba abin yi, wasu ko barci ba sa iya yi saboda abin da suka gani a hanya. 'Yar Usɗa ce ta ce a fito da sashe biyu, na tasha da na kusa da shi, a ɗora a kan angarib da rana, a mayar da dare. Jirgi ba ya iya zagayawa, sai dai ya je ya dawo, a juya wayoyin batir ya yi baya. Aka fito da faifan tagulla, tsofaffin yaran rumfa suka zama masu koyarwa, dokar goge dogo da ta jiran tabilet suka dawo yadda suke. Batirin ana cajinsa a wurin wani maƙwabci mai farantin hasken rana.

Halin da ake ciki yanzu, cikin kawunan jirgin da ya bari guda ɗaya ke tafiya sosai. Na biyu ƙafarsa ta cinye, tana zamewa a kan mahaɗa. Ɗan Usɗa ya yarda zai riƙa ba ɗaya daga cikin samarin makhraɗa ranar Juma'a bayan an taso daga masallaci, yana tsaye a kansa, su gwada fitar da ƙafa bisa awon da ke cikin littafin. Sun lalata guntayen tagulla da dama, ta baya-bayan nan ta hau dogo amma tana ɗan rawa. An kuma aika wa dangin da ke Jidda cewa duk mai zuwa ya duba kantunan kayan wasa ya taho da dogo, da sharaɗin ya auna tukuna ya tabbatar milimita 16.5 ne.